Ƙwayar da Ba Ta Son Zafi

Masu karatu, wata daga cikinku ta rubuto min wai labarina ya cika nauyi, in riƙa sa ɗan abin dariya a ciki. Na ji ki, 'yar'uwa. To ga abin dariya: saurayina mai gyaran firji ne, ni kuma raina a cikin firji yake ajiye. In kin gama dariyar ki gyara zama, don abin da ya biyo baya ni dai bai ba ni dariya ba.

Ga waɗanda yau ne suka fara leƙowa, ni ce Auta. Haka kowa yake kirana a gida, har Baba da ya zaɓa min suna da kansa ina jin ya manta shi. A shagon takalma nake aiki, irin mai gilashi a gaba da gajeren madubi a ƙasa inda mata suke juya ƙafa suna kallon dunduniyarsu. Yini nake a tsaye, ko a durƙushe gaban ƙafar wata ina ɗaure mata maɗauri tana ce min ya matse ta alhali ita ta rage lambar ƙafarta da bakinta. Ƙafafun mutane na san su ciki da bai. Tawa ce kaɗai ban taɓa juyawa na duba ba.

Baƙin tabo ne ya fito min a tafin ƙafar hagu, dab da dunduniya. Na ce takalmi ne ya matse ni jini ya kwanta. Ya yi ta faɗi, gefensa a karkace kamar tawada ta zube a tsumma, ni kuwa ina ta canza takalmi. Sai da na fara ganin jini a safa na je asibiti. Aka yanke wurin, aka ɗebo fata daga cinyata aka liƙa. Sunansa melanoma, ciwon daji ne na ƙwayoyin da suke ba fata launinta. Na ce wa Likita ai ni na ɗauka wannan ciwon fararen fata ne masu shanya jikinsu a rana. Ta ce mu ma yana kama mu, sai dai ya fi son inda ba ma dubawa: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce.

A lokacin akwai wani ma'aikacin banki da yake nemana, har an san shi a gida. Ranar da ya ji sunan ciwon wayarsa ta lalace, kuma har yau Allah bai sa an gyara ta ba. Ni na yi kukana na gama. Mama ce ba ta gama ba. Ta yi rantsuwa a gaban Baba cewa muddin tana numfashi, babu wani namiji da zai sake jin sunan ciwon nan daga bakin ɗan gidanmu.

Ban daɗe da komawa aiki ba sai kaluluwa ta fito min a matsematsi, mai tauri, ba zafi. Hoton ciki ya nuna wasu ɗige-ɗige a hanta. Likitata wata gajeruwar mata ce mai tabarau da igiya a wuya, ba ta iya murmushin lallashi ba, kuma don haka nake son ta. Ta sa aka sake duba naman da aka yanka min tun farko, sannan ta zaunar da ni ta jawo takarda ta zana min da'ira.

Ta ce da'irar nan ƙwayar halitta ce guda ɗaya daga cikin waɗanda suka gina jikina. Kowace ƙwaya ba ta rabuwa biyu ta ƙaru sai an aiko mata da umarni daga waje. Umarnin ba ya tafiya kai tsaye. A bakin ƙofa ake karɓarsa, wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba, har ya isa can tsakiya inda ake zartarwa. A cikin 'yan aiken akwai wani da ake kira BRAF. Nawa ya lalace. Babu wanda ya aike shi, amma ba ya rufe baki, kullum cewa yake a ƙaru, a ƙaru, yana miƙa wa na bayansa da ake kira MEK, shi kuma yana kai wa gaba da gaskiyarsa. Ina jin haka na tuna Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda a rayuwarta ba ta taɓa jiran a aike ta ba kafin ta kai saƙo. Na yi dariya ni kaɗai, Likita ta kalle ni ta saman tabarau.

Ta ce a cikin masu irin wannan ciwon a tafin ƙafa, kaɗan ne ake samun nasu da wannan lalacewar, kuma ina cikin kaɗan ɗin. Wannan sa'a ce, don akwai magani da aka yi musamman dominta, asibitin kuma yana da wani shiri da zai sa ni a ciki. Ƙwayar magani ce iri biyu. Babbar tana toshe bakin ɗan aike na farko. Ƙaramar tana riƙe hannun na biyu. Na tambaye ta me ya sa ba za a tsaya a kan mai laifin kawai ba. Ta ce in aka toshe shi shi kaɗai, ƙwayoyin ciwon ba sa daɗewa suke gano wata ɓarauniyar hanya su kewaye shi su kai saƙon ga na biyu, shi ya sa ake tare duka biyun a lokaci guda. Sannan ta cire tabarau ta faɗi abin da har yanzu nake ji a kunnena.

"Wannan ba warkewa ba ce, riƙewa ce. Ko da biyun, akwai ranar da ƙwayoyin ciwon za su sami wata hanyar. Aikinmu ni da ke shi ne mu nisanta wannan ranar."

Dokokin uku ne. A sha ciki ba komai. Babu ɗaukar ciki muddin ina kan maganin. Ƙaramar kuma ba ta son zafi, ba ta son danshi, a bar ta cikin kwalbarta a ajiye a firji.

Masu karatu, maganin nan ya yi aiki kamar da wasa. Kaluluwar ta narke har na riƙa laluben wurin ina nemanta. Ɗige-ɗigen hanta suka ƙanƙance. Zazzaɓi kan kayar da ni lokaci-lokaci, haƙora suna kaɗawa a tsakiyar rana, amma wannan mai sauƙi ne. Mama ta ce na warke. Na maimaita mata maganar Likita, ta ce likitoci ai ba sa son mutum ya yi farin ciki, haka aka koya musu.

A cikin wannan sauƙin ne Dogo ya shigo rayuwata, kuma da goshi ya shigo, don ƙofar shagonmu ta buge shi ranar da ya zo gyara mana na'urar sanyaya ɗaki. Dogo ne na gaske, baƙi, mai kunya, hannuwansa duk ƙananan tabon ƙuna. Ya gama gyaran, ya dawo washegari wai ya zo jin ko tana yi. Ya dawo jibi wai ya manta sukundireba. Abokiyar aikina ta ce in ban tausaya masa ba zai kwashe kayan aikinsa duka ya zube mana a shago. Yana ce min Mai Takalma, ni ina ce masa Injiniya don in ga ya sunkuyar da kai. Ya lura ina ɗan ɗingishi, na ce masa an taɓa yi min aiki a ƙafa. Bai ƙara tambaya ba.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, da safa mai kauri don kada ya ga ɗinkin. Ya gaisa da Baba, ya gaisa da Mama, aka bar mu a falo. Sai na ga ya kasa zama, kunnensa yana can wajen kicin. Tsohon firjinmu ne yake gurnaninsa na kullum, wanda mu mun daina ji. Ya daure, ya daure, daga ƙarshe ya ce don Allah a yi masa afuwa, firjin nan kuka yake. Kafin in buɗe baki ya riga ya durƙusa a gabansa ya buɗe ƙofar yana shafa robar gefe. Kwalbar tana nan a jikin ƙofar, bayan gwangwanin madara, sunana a rubuce a jiki. Mama tana tsaye a bayansa riƙe da tire.

Ya gyara robar, ya rufe, bai ce komai ba. Mama ta ce Allah ya rufa asiri, bai gani ba.

Daga nan abin ya zame masa al'ada. In ya zo, gaisuwarsa uku ce: Baba, Mama, firji. Sai ya buɗe, ya sa bayan hannu ya ji sanyin, ya saurari injin. Don haka duk ranar da ya ce zai zo, Mama takan ɗauke kwalbar ta jefa a jakarta, in ya tafi ta mayar. To sai ya saba da gidan, ya daina sanarwa. Yana wucewa daga aiki zai tsaya ya miƙa wa Baba lemo, ko ya kawo wa Mama sabon kwan fitila. Wata rana Mama ta tsallake kujera da gudu, mace mai ciwon gwiwa, don ta riga shi isa kicin. Da yammar nan ta ce daga yau ita za ta riƙa ba ni ƙaramar ƙwayar da hannunta kowace safiya, in bar mata ajiyar, ta san inda za ta sa ta ta yi sanyi.

Na ce mata gara kawai in gaya masa. Muna ɗakinta, tana ninke kayan wanki, ba ta ko ɗago ba.

"Ki gaya masa me? Ki ce masa kina da ciwon daji, kuma ba za ki haihu ba?"

"Ba a ce ba zan haihu ba, Mama. An ce ba yanzu ba."

"Uwarsa shi kaɗai ta haifa. Kina jin za ta tsaya bambance yanzu da gobe? Ki bari a ɗaura. In ya zama mijinki ki gaya masa, lokacin ba shi da wayar da za ta lalace."

Na ce wannan yaudara ce. Ta ce ita ta ga yadda na kwanta kamar gawa lokacin ɗan banki, ba za ta sake gani ba, in yaudara ce Allah ya rubuta a kanta. Baba yana jin mu daga falo, ya ƙara wa rediyo murya. Haka yake yi in ba ya son ya zama shaida.

Ba zan ɗora wa Mama duka ba. Da, in na sa ƙaramar ƙwayar a harshe, da ɗan sanyinta take zuwa. Wata safiya ta zo ba sanyi. Washegari ma haka. Na ji, na sani, na kora da ruwa na ɗauki jakata na tafi shago. Ban tambaya ba, don in na tambaya za a mayar da kwalbar firji, in aka mayar zai gani, in ya gani zai tafi. Ina son sa, masu karatu. Ina son yadda yake cire takalminsa ya jera su daidai a bakin ƙofa, da yadda yake turo min hoton kowane firji da ya ceto kamar jariri ya haifa. Na gaya wa kaina babbar ƙwayar ai tana nan tana aiki, ƙaramar 'yar rakiya ce.

A 'yan kwanakin nan ne Dogo ya canza. Mutumin da sai an ja shi yake magana ya koma fara'a, yana tsokanar Baba a kan ƙwallo, yana kallona yana murmushi ba dalili. Wata rana ina shago saƙonsa ya shigo:

"Mai Takalma, na yi magana da Inna. Kawu zai zo wurin Baba a tsayar da rana. Yau zuciyata fes take."

Na rubuta masa: "Me ya faru haka kwatsam, Injiniya?"

Ya ce: "Ba komai. Allah ne ya yaye mana."

Na ɗauka wata matsalar aiki ce ta warware masa. Na tura masa hoton zuciya, na shiga bayan kanta na yi rawa ba sauti.

Gidanmu ya rikice. Gwaggo ta tare da akwatinta, ita da Mama suna ta musu a kan labule. Aka canza ledar falo, aka fito da farantan da ba a taɓa ci a ciki ba tun ina yarinya. Aka ɗinka min riga ruwan zuma mai faɗin hannu, tela ta ce ƙuguna ya ragu, Gwaggo ta ce ai amarya da ramarta take. Ni da kaina na ware wani takalmi a shago, mai taushin ciki, rufaffe ta baya yadda ba za a ga dunduniya ba, na ɓoye shi a bayan kwalaye.

Wajen ɗauko wa wata mata lamba ta gaba na ji shi. Na durƙusa a sito zan zaro kwali daga ƙasa, sai wani abu ya tokare ni a matsematsi. Na tura ƙofa da ƙafa, na sa hannu ta cikin riga. Yana nan, ƙasa kaɗan da inda na farkon ya fito, mai tauri, ba zafi. Na zauna a kan kwalayen. Matar tana can tana kiran ina yarinyar nan ta shiga, ni kuwa ina kallon kwan fitilar siton. Na fita na sa mata takalmin, na ɗaure mata maɗauri, har na ce ya yi mata kyau.

Likita ta taɓa wurin, ta tura ni hoto, ta jira sakamakon ya fito kafin ta ce komai. Ɗaya daga cikin ɗigon hanta ya farka shi ma. Ta tambaye ni ko na taɓa tsallake magani, na ce ko sau ɗaya. Ko ina ci kafin in sha, na ce a'a. Sai ta tambayi inda nake ajiye ƙaramar. Ta ce in je in kawo mata kwalbar yadda take.

Na tarar Mama da Gwaggo sun tafi kasuwa. Na birkice ɗakin Mama. A saman kwaba na same ta, can kusa da rufi inda zafin rana yake taruwa, a cikin tsohon gwangwanin biskit da take zuba zare da maɓallai. Gwangwanin da kansa ɗumi gare shi kamar an sauke daga wuta. Takardar jikin kwalbar ta jiƙe ta bushe ta yi tamoji, sunana ya zama shuɗin tabo. Na koma asibiti da ita a cikin jaka, hannuna a kanta duk tsawon hanya.

Likita ta juya kwalbar, ta buɗe, ta leƙa, ta rufe. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Na tambaye ta kai tsaye ko wannan ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Zafi da danshi suna iya rage wa ƙwayar ƙarfi, in kuwa ta yi rauni to babbar ce take tsaron ƙofa ita kaɗai, kuma ta riga ta gaya min abin da yake faruwa in aka bar ta ita kaɗai. Amma akwai waɗanda suka kiyaye kowace doka kuma ciwon ya sami hanyarsa duk da haka. Ta ce babu gwajin da zai raba min waɗannan biyun, kada in ɓata ƙarfina wajen nema.

Za su sake ɗibar nama daga sabon ƙullutun su ga ta wace hanya saƙon yake bi yanzu, ko tsohuwar ce ta sake buɗewa, ko wata daban ce da maganina ba ya kai wa gare ta. Akwai kuma wani magani na ƙarin ruwa wanda ba ruwansa da 'yan aike, shi garkuwar jiki yake tasa ta yaƙi ciwon da kanta. Yana yi wa wasu, ba ya yi wa wasu. Na tambaye ta maganar haihuwa. Ta ce a yanzu ba wannan ne a gabanmu ba, ni ce a gabanmu.

Na sami Mama a kicin tana jera sababbin kofuna. Na ajiye kwalbar a gabanta. Ta dube ta, ta dube ni, sai ta fara bayani da sauri-sauri. Wai a kular ruwan sanyi ta fara sa ta da ƙanƙara, kullum tana canzawa. Da ta ga ruwa yana jiƙa takardar sai ta ji tsoron kada ya shiga ciki, ta ce gara busasshen wuri. Wai ta ga ina ta samun lafiya, ta ce ashe sanyin ba dole ba ne, tsirfar likitoci ce. Na kama hannunta na ɗora a kan ƙullutun ta saman riga. Na ji yatsunta sun sandare.

Ta zame ta zauna a ƙasa. Na ɗauka za ta yi kuka, sai na ji ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba:

"Ki bari Kawun nasa ya zo ya tafi tukuna. Saura kaɗan, Auta."

Tausayinta da haushinta suka kama ni lokaci guda. Na ɗauki waya na rubuta wa Dogo: "Ka zo yanzu. Kada ka tsaya canza kaya."

Rana ba ta faɗi ba ya iso, da rigar aikinsa mai shuɗi da baƙin mai a gwiwa, jakar kayan aiki a kafaɗa, don ya ɗauka firjin ne. Mama ta shige ɗaki ta bar ƙofa a buɗe kaɗan. Na kai shi kicin. Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu. Sai kawai na buɗe tafin hannunsa na sa masa kwalbar.

Bai karanta ba. Bai ma juya ta ba. Ya ce, "Ai na san ta."

Na ce me ya sani.

Ya ce tun ranar farko ya gan ta bayan gwangwanin madara. Mutumin da yake yini a cikin firjin mutane ya san abin da ake ajiyewa a ƙofa, kuma ya san magani in ya gani. Ya haddace sunan, yana fita ya tsaya a bakin titi ya bincika a waya. A nan ya karanta komai, har sunan ciwon, har maganar ciki. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci. Sannan ya yanke wa kansa cewa zai zauna, kuma ba zai kunyata ni da tambaya ba, zai jira ranar da zan yarda da shi in faɗa da bakina. Duk buɗe firjin nan da yake yi, ba injin yake saurare ba. Sanyin yake aunawa, don ya karanta cewa ba ta son zafi. In bai gan ta ba yakan ce ɗauke ta aka yi saboda shi, sai ya gajarta zaman ya tafi don a mayar da ita da wuri.

"To da na riƙa zuwa ba sanarwa, safe da yamma, ban ƙara ganinta ba ko sau ɗaya," ya ce, "sai na ce an gama. Na ce an sallame ki. Shi ya sa na je wurin Inna."

Ya dube ni, ya dubi takardar da ta yi tamoji, sai na ga fuskarsa tana sauyawa a hankali. Ya matse kwalbar a tafinsa kamar yadda yake taɓa bututu ya ji ko da sanyi.

"A ina take duk wannan lokacin?"

Na gaya masa. Na gaya masa dalili. Na gaya masa abin da Likita ta gani yau, da cewa ita ma ba ta san ko zafin ne ya jawo ba.

"Saboda ni," ya ce.

Na ce ba haka ba ne, amma bai ji ni ba. Ya durƙusa a ƙasan kicin ɗin, duk tsawonsa ya naɗe, ya kifa goshinsa a kan gwiwa. Yana ta maimaita cewa kalma ɗaya ce, da ya ce ya gani, da ya ce Mama a bar ta a nan na sani, shi ke nan. Daga ɗaki na ji wani sauti ya fito daga bakin Mama, irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifiyarta. Ni ban yi kuka ba. Na tsaya a tsakaninsu, mutum biyu da suka fi kowa sona a duniya, ina jin ƙullutun yana tokare ni duk lokacin da na ja numfashi.

Da ya miƙe idanunsa sun yi ja. Ya ce Inna ba ta san komai ba, ya ɓoye mata don yana ganin abu ne da ya wuce. Yanzu ba zai bari Kawu ya taka ƙofar gidan nan a kan ƙarya ba, tasa ko tamu. Daga nan wurinta zai wuce ya gaya mata duka, har maganar haihuwa. Ya ce ranar ɗibar naman shi zai kai ni asibiti, wannan ba sai ya nemi izinin kowa ba.

Na raka shi bakin ƙofa. Ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa, ya ɗaure ya kwance ya sake ɗaurewa. Na tambaye shi abin da bai kamata in tambaya ba.

"Kawun zai zo?"

Da ya ɗago bai kauce wa idona ba.

"Ban sani ba, Auta. Wallahi ban sani ba."

Ya manta jakar kayan aikinsa a kicin, kuma wannan karon na san ba da gangan ba ne. Ina zaune kusa da ita nake rubuta muku wannan. Mama ba ta fito ba. Gwaggo ta dawo daga wurin tela da rigata ruwan zuma a leda, tana ta kirana daga falo in zo in gwada a ga ko an rage ƙugun daidai. Wayata tana kan cinyata, ta yi haske yanzun nan. Saƙon murya ne, daga lambar Innarsa, kuma mai tsawo ne.